Cin zarafin ma'aikata a masana'antar wasannin bidiyo: Yadda aka daɗe ana rufa-rufa, da yadda asiri ya tonu

A ranar 2 ga Yulin 2025, wata kotu da ke Bobigny, a wajen birnin Paris na ƙasar Faransa, ta samu tsofaffin manyan jami'an kamfanin Ubisoft su uku da laifin cin zarafin ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu. An yanke wa Tommy François, tsohon mataimakin shugaba a sashen da ke tsara alƙiblar wasannin kamfanin, ɗaurin shekara uku da tarar yuro 30,000. Serge Hascoët, wanda ya daɗe yana riƙe da muƙamin babban daraktan ƙirƙira, ya samu wata 18 da tarar yuro 45,000, sai Guillaume Patrux da aka yanke wa wata 12 da tarar yuro 10,000. Dukkan ɗaurin na jeka-ka-gyara-halinka ne, wato ba za su shiga gidan yari ba muddin ba su sake aikata wani laifi ba cikin wa'adin da doka ta gindaya.

Hukuncin ya ja hankali ne saboda ba kasafai ake gurfanar da shugabannin wannan masana'anta a kotun hukunta masu laifi kan yadda suke mu'amala da ma'aikatansu ba. Tun daga 2018 ƙorafe-ƙorafe iri ɗaya suke ta fitowa daga manyan kamfanonin wasannin bidiyo a Amurka da Faransa da Kanada. Idan aka jera su aka duba, za a ga cewa abin da ya sa ɓarnar ta daɗe shi ne hanyar kai kuka tana hannun waɗanda ake kuka da su. Ba a ga sauyi ba sai da maganar ta fita daga harabar kamfanonin, ta isa hannun 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago da hukumomi da kotuna.

Masana'antar da ake magana a kai

Wasan bidiyo ya daɗe da wuce abin ɗebe wa yara kewa. Kamfanin Newzoo mai nazarin wannan kasuwa ya ƙiyasta cewa kuɗin da masana'antar ke samu ya haura dala biliyan 180 a shekara, kuma masu yin wasan a duniya sun zarce biliyan uku, akasarinsu a wayar hannu.

Kamfanoni ukun da sunansu ya fi fitowa a wannan batu suna cikin sahun gaba. Ubisoft, wanda 'yan'uwa biyar daga iyalin Guillemot suka kafa a Faransa a 1986, shi ne mai Assassin's Creed da Far Cry. Riot Games da ke Los Angeles, mallakin kamfanin Tencent na ƙasar Sin, shi ne ya ƙirƙiro League of Legends. Activision Blizzard, wanda ke jihar Kalifoniya, shi ne mai Call of Duty da World of Warcraft da Candy Crush, wasannin da ba baƙi ba ne a wayoyin matasan Najeriya.

Babban wasa guda ɗaya kan ɗauki shekaru ana haɗa shi, da hannun ɗaruruwa ko dubban mutane: masu rubuta manhaja, masu zane, marubutan labari, masu haɗa sauti, da masu gwajin wasa waɗanda aikinsu shi ne su buga shi dare da rana su zaƙulo kurakurai. A saman wannan ayari akwai mutane ƙalilan da ke yanke shawarar wane wasa za a ci gaba da shi, wane za a soke, wa za a ɗaga, wa za a ajiye.

Riot Games: inda aka fara fasa ƙwai

A watan Agustan 2018 kafar Kotaku ta wallafa binciken 'yar jarida Cecilia D'Anastasio, wadda ta zanta da ma'aikatan Riot Games 28, na lokacin da na baya. Matan da suka yi magana sun bayyana yadda ake tsallake su wajen ƙarin girma, ake yin biris da shawararsu a taro har sai namiji ya maimaita ta, ake kuma yi musu kalaman batsa a wurin aiki. A watan Nuwamban shekarar wasu mata biyu suka shigar da ƙara a madadinsu da sauran mata ma'aikata.

Lokacin da wasu matan suka shigar da nasu ƙararrakin, kamfanin ya nemi a janye su daga kotu, yana kafa hujja da wani sharaɗi da ke cikin takardun ɗaukarsu aiki, wanda ya wajabta warware duk wata takaddama a asirce gaban mai shiga tsakani. Wannan mataki ya fusata ma'aikata, kuma a watan Mayun 2019 fiye da 150 daga cikinsu suka ajiye aiki suka fito harabar kamfanin domin nuna rashin amincewa.

A ƙarshen 2019 aka sanar da yarjejeniyar biyan dala miliyan 10, sai hukumar jihar Kalifoniya mai kula da adalci a ɗaukar aiki da samar da gidaje ta ƙi amincewa, tana mai cewa haƙƙin matan zai iya haura dala miliyan 400. Bayan shekara biyu ana ja-in-ja, a Disamban 2021 Riot Games ya amince ya biya dala miliyan 100: miliyan 80 ga matan da suka haura 2,000, miliyan 20 kuma kuɗin lauyoyi da ɗawainiyar shari'a. Da hukumar ba ta sa baki ba, da kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi aka rufe maganar.

Ubisoft: ikon da ya taru a hannun 'yan tsiraru

A tsakiyar 2020 ma'aikatan Ubisoft suka fara bayyana abin da suka fuskanta a shafukan sada zumunta, sannan jaridar Libération ta Faransa ta bi diddigin zarge-zargen. Cikin watan Yuli manyan jami'ai uku suka sauka daga muƙamansu: Serge Hascoët, da Yannis Mallat mai kula da rassan kamfanin a Kanada, da Cécile Cornet, shugabar sashen kula da ma'aikata. Binciken jin ra'ayi da kamfanin ya sa aka gudanar tsakanin ma'aikata kusan 14,000 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ya fuskanci rashin ɗa'a a wurin aiki ko ya gani da idonsa.

Muƙamin Hascoët ya nuna yadda tsarin yake. Amincewarsa ce ke sa a ci gaba da aikin wasa, rashinta kuma na iya kashe aikin da ɗaruruwan mutane suka shafe shekaru a kai. Wanda ke neman gobensa a kamfanin ba zai so ya shiga takun-saƙa da irin wannan mutum ko makusantansa ba.

A zaman shari'ar da aka yi a watan Yunin 2025, kotu ta saurari bayanai masu tayar da hankali. An zargi François da kallon fina-finan batsa a ofis a gaban jama'a, da tilasta wa wata ma'aikaciya mai sanye da siket ta yi tsayuwar ƙafa a sama, da ɗaure ta a kujera a tura ta cikin na'urar hawa bene. An zargi Hascoët da mayar da mataimakansa 'yan aiken gidansa. An kuma gabatar da ƙorafin wata ma'aikaciya Musulma da ta ce bayan hare-haren Paris na 2015 an tambaye ta ko tana goyon bayan ƙungiyar IS, an riƙa sanya mata hoton naman alade a fuskar kwamfutarta, ana kuma ajiye mata abinci a tebur cikin watan Ramadan. Waɗanda ake tuhuma sun musanta aikata laifi, kuma François ya ce barkwanci ne da aka saba yi a ofishin.

Ƙungiyar ƙwadago ta Solidaires Informatique na cikin waɗanda suka shigar da ƙorafi a 2021, kuma ta daɗe tana cewa alhakin bai tsaya a kan mutum uku ba, ya haɗa da shugabancin kamfanin da ya bar abin ya ci gaba. Sai dai a wannan shari'a ba a gurfanar da kamfanin ko shugabansa Yves Guillemot ba.

Activision Blizzard: shari'ar da ta fi girgiza masana'antar

A ranar 20 ga Yulin 2021, bayan binciken shekara biyu, hukumar Kalifoniya da ta ƙalubalanci yarjejeniyar Riot Games ta maka Activision Blizzard a kotu. Takardar ƙarar ta ce mata kusan kashi 20 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan kamfanin, ana biyansu ƙasa da maza a aiki iri ɗaya, ana jinkirta musu ƙarin girma. Ta yi zargin cewa wasu maza kan sha barasa su bi teburin mata ɗaya bayan ɗaya suna yi musu abin da bai dace ba, kuma akan fitar da masu shayarwa daga ɗakin da aka keɓe musu domin a yi taro a ciki. Ta ƙara da cewa waɗanda suka kai ƙara sashen kula da ma'aikata kan gamu da ramuwar gayya.

Martanin farko na kamfanin shi ne an jirkita gaskiya, kuma da yawa daga cikin bayanan ƙarya ne. Wannan martani ya ƙara rura wutar. Fiye da ma'aikata 2,000, na lokacin da na baya, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ta yin tir da shi, kuma a ranar 28 ga Yuli ɗaruruwa suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Blizzard da ke Irvine. Cikin mako guda shugaban reshen Blizzard, J. Allen Brack, ya sauka.

An maye gurbinsa da mutum biyu, Jen Oneal da Mike Ybarra, amma bayan wata uku Oneal ta sanar da tafiyarta. A watan Nuwamba jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Oneal ta koka a rubuce cewa ana biyanta ƙasa da abokin aikinta namiji. Rahoton ya kuma ce shugaban kamfanin baki ɗaya, Bobby Kotick, ya san da wasu zarge-zarge masu tsanani tsawon shekaru bai sanar da hukumar daraktoci ba. Kamfanin ya ce rahoton ya ba da hoton da ba daidai ba, kuma a watan Yunin 2022 hukumar daraktocin ta ce bincikenta bai gano hujjar cewa manyan jami'ai sun kawar da kai da gangan ba.

Ƙarshen lamarin ya zo ne ta hanyar biyan kuɗi sau uku. Kamfanin ya ware dala miliyan 18 a yarjejeniyarsa da hukumar tarayya mai tabbatar da daidaito a ɗaukar aiki, wadda kotu ta amince da ita a watan Maris na 2022. A Fabrairun 2023 ya biya hukumar kula da hada-hadar hannayen jari dala miliyan 35, bisa tuhumar cewa ba shi da ingantaccen tsarin tattara ƙorafe-ƙorafen ma'aikata da auna su, kuma ya sanya wa masu barin aiki sharaɗin su sanar da shi idan hukumar ta nemi bayani a wurinsu. Bai amsa laifin ba, bai kuma musanta ba. A Disamban 2023 ya sasanta da Kalifoniya kan kimanin dala miliyan 54 game da bambancin albashi da ƙarin girma. A wannan yarjejeniya hukumar ta janye zargin cin zarafi ta fuskar lalata, aka kuma rubuta cewa babu wata kotu ko bincike mai zaman kansa da ya tabbatar da cewa irin wannan cin zarafi ya zama ruwan dare a kamfanin.

Kafin nan Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a watan Oktoban 2023, a cinikin kusan dala biliyan 69, kuma Kotick ya bar muƙaminsa a ƙarshen Disamban shekarar.

Me ya sa aka daɗe ana shiru?

Dalili na farko shi ne ƙaunar aikin. Akasarin masu shiga wannan masana'anta sun taso da burin su ga sunansu a jerin waɗanda suka haɗa wasan da suke so tun ƙuruciya. Masu neman gurbi sun fi guraben yawa, kuma kowane ma'aikaci ya san akwai masu jiran kujerarsa. Wanda yake ganin an yi masa alfarma da aka ɗauke shi, da wuya ya ɗaga murya.

Na biyu shi ne al'adar aikin wuce ƙima idan ranar fitar da wasa ta matso. Wannan tsohuwar matsala ce: kamfanin Electronic Arts ya biya dala miliyan 15.6 a 2005 da miliyan 14.9 a 2006 domin sasanta ƙararrakin ma'aikata kan kuɗin ƙarin lokaci. A 2018 Dan Houser, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rockstar Games, ya ce sun yi makonni suna aikin sa'a 100 lokacin haɗa Red Dead Redemption 2, kafin daga baya ya ce da shi da wasu manyan marubuta ƙalilan yake nufi. A wurin da aka saba auna ma'aikaci da yawan wahalar da zai iya shanyewa, mai ƙorafi shi ake yi wa kallon rago.

Na uku shi ne kariyar da ake ba waɗanda ake ganin su ne ke kawo riba. Idan wasan da wani darakta ya jagoranta ya kawo ɗaruruwan miliyoyi, kamfani kan ga rabuwa da shi ya fi tsada a kan rabuwa da ƙaramar ma'aikaciyar da ta kai ƙararsa. A ƙasan tsanin kuma akwai masu gwajin wasa, waɗanda da yawansu 'yan kwangila ne masu ƙaramin albashi, kuma ba sai an kore su ba, ƙin sabunta kwangilar ya isa. A shekarar 2020 kaɗai jimillar abin da aka ba Kotick ya kai kusan dala miliyan 155. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na huɗu shi ne sashen kula da ma'aikata, wanda a nan ake kai kuka, alhali shi ma yana amsa umarni ne daga shugabannin da ake kuka da su ko abokansu. A Ubisoft da Activision Blizzard duka, ma'aikata sun zargi wannan sashe da kare manya, tamkar an ba kura ajiyar nama.

Na biyar shi ne takardun da ake sa hannu a kai. Sharaɗin sasanci a asirce yana hana ƙara zuwa kotu, yarjejeniyar kama baki kuma tana hana wanda aka biya diyya ya faɗi abin da ya same shi. Sakamakon haka, mata goma na iya yin ƙorafi a kan mutum ɗaya, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Abin da ya sauya, da abin da ya rage

Sauyi mafi bayyana ya zo ne ta fuskar doka, kodayake gwagwarmayar mata a wasu fannonin aiki ma ta taka rawa a ciki. Daga Janairun 2022 Kalifoniya ta faɗaɗa dokar da ta hana amfani da yarjejeniyar kama baki wajen ɓoye cin zarafi ko wariya a wurin aiki. A watan Maris na shekarar Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ba wanda aka ci zarafinsa ta fuskar lalata damar zuwa kotu ko da takardar aikinsa ta ƙunshi sharaɗin sasanci a asirce.

Sauyi na biyu shi ne shigowar ƙungiyoyin ƙwadago cikin masana'antar da a da ba ta san su ba a Amurka. A watan Mayun 2022 masu gwajin wasa a Raven Software, wani reshe na Activision, suka kaɗa ƙuri'a 19 da 3 domin kafa ƙungiya. Wata guda bayan haka Microsoft ya yi alƙawarin ba zai yi katsalandan ba idan ma'aikatan Activision suka nemi haɗa kai. A 2024 masu gwajin wasa kusan 600 na Activision, da ma'aikatan World of Warcraft fiye da 500, suka bi sahu.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. A Amurka an rufe manyan ƙararrakin ne da kuɗi, ba tare da an yi shari'a a bainar jama'a an tantance gaskiyar kowane zargi ba. A Faransa an hukunta mutum uku, shekara biyar bayan fallasar. Bugu da ƙari, masana'antar ta shiga zangon rage ma'aikata: fiye da 10,000 sun rasa aiki a 2023, kuma a Janairun 2024 Microsoft ya sallami 1,900 daga sashensa na wasanni. Lokacin da ake sallama, tsoron rasa abin yi kan mayar da mutane ga shirun da aka fara fita daga cikinsa.

Inda lamarin ya shafi Najeriya

Masana'antar wasannin bidiyo a Najeriya ƙarama ce, da 'yan kamfanoni irin su Maliyo Games a Legas, amma matasa da dama na aiki a fannin fasahar zamani, wasu a ƙananan kamfanoni inda mai kamfani shi ne mai ɗauka kuma shi ne mai kora, wasu kuma suna yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet bisa kwangila. Yanayin da ya ba da damar ɓarna a Paris da Kalifoniya ba ya buƙatar babban ofis kafin ya samu.

A watan Nuwamban 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2019 kan tashin hankali da cin zarafi a fagen aiki. Yarjejeniyar ta haɗa da 'yan kwangila da masu koyon aiki da masu neman aiki, kuma ta shafi abin da ya faru a tafiyar aiki, da liyafar ofis, da saƙonnin waya ko kwamfuta. Sashe na 254C na kundin tsarin mulki, wanda aka shigar ta gyaran 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin wariya da cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki, da kuma aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da ƙasar ta amince da su. Ma'aikacin da aka toshe wa hanya a cikin kamfaninsa yana da damar ya ɗauki takardunsa da saƙonnin da ya adana ya nufi wannan kotu.